Leza ta auna Kasubi, amma ba ita ta yi baibaya ba

Ana yawan cewa da zarar an auna gini da na'urar leza, an ceto shi ke nan har abada. Ni dai ina da ja a kan wannan magana, kuma maƙabartar sarakunan Buganda da ke Kasubi, a birnin Kampala na Yuganda, ita ce hujjata.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Na'urar tana harba haske zuwa bango, ta lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, daga nan ta san nisan wurin. Tana maimaita haka sau miliyoyi, har ɗige-ɗigen su haɗu su fitar da surar ginin a kwamfuta. Inda ba ta hangowa, kamar saman rufi, sai a tura jirgi marar matuƙi ya ɗauko hotuna masu hawa kan juna, manhaja ta haɗe su.

A 2009 ƙungiyar CyArk ta auna Kasubi da leza. A watan Maris na 2010 gobara ta cinye babban ɗakin, inda sarakuna huɗu suke kwance. Babu shakka awon ya yi rana, don ya adana tsayi da faɗi da lanƙwasar rufin.

To amma ɗakin na ciyawa ne da itace da kara. Duk wanda ya taɓa kallon ana baibayar ɗaki ya san aikin a hannu yake: wace ciyawa za a yanko, yaushe ta bushe, yaya za a ɗaure ta. A Buganda wannan gadon dangin Ngeye ne, kuma zobba 52 da ke cikin rufin suna wakiltar dangogi 52 na masarautar. Leza za ta ƙirga zobban, amma ba za ta koya wa yaro ɗaurin ko ɗaya ba. Sai a 2023 UNESCO ta cire wurin daga jerin wuraren da ke cikin haɗari, shekara 13 bayan gobarar.

Saboda haka a ci gaba da awo, amma duk kasafin da ya sayi na'ura, ya kamata ya ware wa masu sana'ar da almajiransu nasu kason. In ba haka ba, za mu tashi da fayil mai kyau, babu mai iya mayar da shi gini.