Majami'ar Saint-Thégonnec: abin da gyara ya maido da wanda ya gagare shi

A yammacin Faransa, cikin yankin Bretagne, akwai ƙauyen Saint-Thégonnec, wanda majami'arsa ta fi ƙarfin girmansa. Baƙo na shiga farfajiyarta ta babbar ƙofar dutse ta 1587, ya tarar da gicciyen 1610 kewaye da mutum-mutumi masu nuna wahalar Almasihu, sannan ɗakin ajiye ƙasusuwan matattu da aka gina tsakanin 1676 da 1682. A ciki kuwa ga mumbarin katako na 1683, ga allunan bayan bagade masu sassaƙa da ruwan zinariya.

Masu yawon buɗe ido sukan ɗauki wannan ƙawa a matsayin shaidar ibada kawai. Wannan karatu bai cika ba. Kuɗin ginin ya fito ne daga yadin lilin da manoman yankin ke saƙawa, ana fitar da shi ta tashar jiragen ruwa ta Morlaix zuwa Ingila da Sifen. Akwai kuma gasa: maƙwabtansu na Guimiliau sun kammala nasu gicciyen a 1588, mutanen Saint-Thégonnec kuwa ba su yarda a bar su a baya ba. Da cinikin yadi ya karye a ƙarshen ƙarni na 17, sai manyan gine-gine suka tsaya.

A watan Yuni na 1998 gobara ta cinye wani ɓangare na rufin, ta lalata wasu daga cikin allunan. Gyaran ya ɗauki shekaru. Wanda ya ga launin ya yi sabo da yawa, ya tuna cewa masassaƙan farko ba don duhu suka yi aikinsu ba: ƙyalli suke nema, hayaƙin kyandir da tsufa ne suka dushe shi. A nan masu gyara sun yi gaskiya.

Sai dai akwai abin da ya gagare su. Tun bayan dokar 1905 da ta raba addini da gwamnati, irin waɗannan tsoffin majami'u mallakar hukumar gari ne, kuma hukumomin adana kayan tarihi ke sa ido kan gyaransu. Ginin da aljihun masaƙa ya tayar, yanzu baitulmali ke riƙe da shi. An maido katako da zinariya, amma ba a maido masaƙan da suka biya ba. Malamin da ya nuna wa ɗalibansa hoton wannan majami'a bai ambaci yadin lilin ba, rabin labari ya ba su.