Soyayyar Da Aka Ɓoye Cikin Tuta

Jama'a, samarinmu da yawa sun kalli fim ɗin The Lord of the Rings, har na ji ana gardama wai littafin ba komai a cikinsa sai yaƙi da dodanni, masu fim ne suka cusa soyayya don kasuwa. To, ni dai ban yarda ba. Soyayyar tana nan a littafin, sai dai J.R.R. Tolkien, malamin jami'a a Ingila wanda ya fitar da shi a 1954 da 1955, ya lulluɓe ta da kunya. Wanda ya karanta da gaggawa zai wuce ta bai gani ba.

Masoyan su ne Aragorn, magajin sarautar Gondor da ke yawo a daji kamar ba kowa ba, da Arwen, 'yar Elrond, daga jinsin Elf waɗanda ba sa tsufa. Yana ɗan shekara 20 ya fara ganinta. Uban ya kafa masa sharaɗi: ba zai ba da 'yarsa ba sai ga sarkin Gondor da Arnor. Ba a ɗaura auren ba sai yana da shekara 88. Duk wannan bayani marubucin bai sa shi cikin labarin ba, can ƙarshen littafi ya kai shi, cikin rataye. A cikin labarin alamu kawai ya bari.

Ta farko, a kan tudun Weathertop, da dare ya yi tsoro ya kama abokan tafiya, sai Aragorn ya ba su tsohon labarin Beren da Luthien: ɗan Adam da ya so 'yar Elf, ita kuma ta zaɓi mutuwa dominsa. Su sun ɗauka hira ce ta rage dare. Ashe labarin kansa yake bayarwa da sunan wasu.

Ta biyu, koren dutsen da Galadriel ta ba shi a Lothlorien. Galadriel kakar Arwen ce, dutsen kuwa ta ba 'yarta, 'yar ta ba Arwen, sannan aka ajiye masa. Kayan gado ne na mata, ya bi ta hannun kaka ya isa ga saurayi. Mu da muka san al'ada ba sai an faɗa mana ba, dangin yarinya sun yi na'am ke nan.

Ta uku ita ta fi burge ni. Arwen ba ta je fagen fama ba, amma a ɓoye ta saƙa masa tuta mai ɗauke da farar bishiya da taurari bakwai da kambin sarauta. Ranar da birnin Minas Tirith ya kusa faɗuwa, aka hango jiragen ruwa, kowa ya ce abokan gaba ne suka ƙaru. Sai aka warware tutar nan, zukata suka dawo. Wato aikin hannun macen da ba a gani shi ya fara shelar dawowar sarki.

Da wannan ne ma za a gane abin da ya sa bai karɓi son Eowyn ba, duk da kyanta da jarumtarta. Ba girman kai ba ne, akwai alkawari a wuyansa.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, ɓoyon ya yi yawa. Arwen ce ta yi sadaukarwa mafi girma, ta rabu da ubanta, ta zaɓi mutuwa irin ta 'yan Adam, duk da haka maganarta a cikin labarin ba ta taka kara ta karya ba. Wanda bai buɗe rataye ba sai ya ga amarya ta faɗo masa daga sama. A nan masu fim suna da hujja da suka ƙara mata fili.

Ko da yake haka, na fi son hanyar littafin. So na gaskiya ba a yawan faɗa ake auna shi ba, a jira da cika alkawari ake gane shi. Shi kansa Tolkien, a kan dutsen kabarinsu shi da matarsa Edith a Oxford, sunayen Beren da Luthien aka rubuta. Wanda zai sake karantawa, don Allah ya fara da ratayen nan, sannan ya koma farko. Zai ga kamar wani littafi daban ne a hannunsa.