Tsoron da Ya Ƙi Tsufa: Nazarin Fim Ɗin The Exorcist

A ƙarshen Disambar 1973 aka fara nuna The Exorcist a Amurka. William Friedkin ne ya ba da umarni, an kuma ciro labarin daga littafin William Peter Blatty na 1971 mai wannan suna. Shi ne fim ɗin ban tsoro na farko da ya shiga takarar Oscar ta gwarzon fim, kuma Blatty ya ci kyautar tsara labari. Sama da shekara 50 ke nan, yawancin tsararrakinsa sun koma abin dariya, shi kuwa har yau yana hana mutane barci. A ganina, sirrin yana ga manya biyu da ke tsaye a bakin gadon yarinya sun rasa abin yi, fiye da yadda yake ga aljanin da ya shige ta.

Ta farko ita ce uwa, Chris MacNeil, 'yar wasan kwaikwayo mai kuɗi da suna, wadda ba ruwanta da addini. Da 'yarta Regan mai shekara 12 ta fara sauya hali a gidansu na unguwar Georgetown, sai ta nufi asibiti. Friedkin ya ɗauki lokaci mai tsawo a nan: allura a wuya, jini na tsartuwa, injina na ƙara, likitoci na jera bayanan da ba sa warkar da kowa. Waɗannan wurare sun fi juyawar kan Regan tayar mini da hankali, domin kwalliyar fuska tana tsufa, amma halin uwar da ta ga ilimi ya ƙare alhali ciwo bai ƙare ba, kowane zamani ya san shi. Likitocin da kansu suka ba ta shawarar neman malamin coci.

Na biyu shi ne Fada Damien Karras, limamin Katolika kuma likitan ƙwaƙwalwa, wanda imaninsa ya raunana, mahaifiyarsa kuma ta rasu cikin kaɗaici ya bar wa kansa laifin. A nan fim ya rabu da littafi. Blatty ya daɗe yana barin mai karatu cikin shakka ko cutar ƙwaƙwalwa ce ke damun yarinyar. Kyamara ba ta da wannan dama: da zarar mun ga Regan ta tashi sama daga kan gado, gardama ta ƙare. Sai fim ya kwashe shakkar ya zuba ta a zuciyar Karras. Aljanin ya ari muryar mahaifiyarsa ya soke shi inda ya fi ciwo. Saboda haka, lokacin da ya kira aljanin ya shige shi, ya faɗo ta taga ya gangara kan matattakala ya mutu, mai kallo ne aka bar wa hukunci: nasara ce ko faɗuwa?

Friedkin ya kare wannan shiru har da saɓa wa marubucin. Ya yanke wata hira inda tsohon limami Merrin ke bayyana cewa manufar aljanin ita ce jefa masu kallon yarinyar cikin yanke ƙauna. An maido da ita a fitowar 2000. Ni na fi son ta 1973, domin abin da aka fassara maka ba ya binka gida.

Duk da haka, fim ɗin yana da tabo. Ya buɗe da kiran salla da haƙar kufai a Hatra, arewacin Iraƙi, inda Merrin ya yi ido biyu da gunkin Pazuzu. Jera waɗannan ya sa Gabas ta zama kamar mahaifar sharri da ke tasowa ta afka wa gidan Bature, kuma mai kallo Musulmi yana da hujjar jin zafin haka. Sai dai shi wannan mai kallo, da ya san ruƙiyya, zai gane ɗakin Regan tun kafin a yi masa bayani: iyaye sun gaji da asibiti, malami na karatu, murya baƙuwa na fita daga bakin ɗiyarsu. Muddin akwai ciwon da ya gagari likita da iyayen da ba za su haƙura ba, wannan fim ba zai rasa masu kallo ba.