3.4 Marubuci Ɗan Kasuwa: Tasirin Ciniki a Kan Zubi da Tsarin Labari

A wannan sashe za a duba yadda neman kasuwa ya shafi zubi da tsarin littattafan da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano. Bayan da gwamnati ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, takarda ta yi tsada, kamfanoni irin su NNPC ta Zariya suka mai da hankali ga littattafan makaranta. Saboda haka sai marubuci ya zama shi ne mai rubutu, shi ne mai zuba jari, shi ne kuma mai kai kaya ga dillalai a Sabon Gari. Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, da Balaraba Ramat Yakubu, marubuciyar Wa Zai Auri Jahila?, duk ta wannan hanya suka bi, suka kuma haɗa kai a ƙungiyar Raina Kama.

Tasiri na farko shi ne karkasa labari zuwa littafi na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na uku. Marubucin da jarinsa bai da yawa yakan jira kuɗin kashi na farko kafin ya buga na biyu. Don haka dole ya yanke labari a inda ran mai karatu ya rataya. Wannan dabara ta ƙarfafa jan rai, amma ta jawo tsawaita zance da maimaita wasiƙun soyayya don cika shafuka. Haka kuma rashin mai tacewa ya haifar da kurakuran ƙa'idojin rubutu, musamman wajen raba kalmomi.

Sai dai a ra'ayin mai wannan nazari, bai dace a ɗauki kasuwa a matsayin aibi kaɗai ba. Marubucin da ba ya jiran amincewar kamfani ko manhajar makaranta ya sami damar taɓo jigogin auren dole da ilimin mata da zaman kishi, waɗanda su ne damuwar masu saye.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa abin da ya kamata manazarci ya auna shi ne: shin inda aka yanke labari ya dace da warwarar jigo, ko kuwa kuɗin ɗab'i ne suka ƙare?