Jinjina ga Masu Tayar da Sabar da Ta Ƙi Tashi

Masu kula da sabobin Linux ba a cika tunawa da su ba sai ranar da na'ura ta ƙi tashi. Yau su nake yi wa jinjina.

An kunna na'ura, systemd ya duba /etc/fstab, ya ga an ce a haɗa wani faifai, sai ya tsaya jiransa. Daƙiƙa 90 yake bayarwa. Idan faifan bai bayyana ba, ayyukan da suka dogara da shi su rushe, na'urar ta faɗa yanayin gaggawa. Wanda bai san kan abin ba sai ya ce a goge komai a sake.

Gwani kuwa journalctl yake buɗewa, ya bi abin da ya faru layi-layi, sannan ya kira blkid ya gwada lambar UUID ta faifan da wadda ke fstab. Sau da yawa a nan cutar take: an sauya faifai, lambar ta canza, ba a gyara fayil ɗin ba. Idan kuma faifan nawar farkawa kawai yake yi, sai ya ƙara masa wa'adi da x-systemd.device-timeout. Abin da ya fi burge ni, ba ya liƙa nofail a kowane layi don a ce na'urar ta tashi. Ya san sabar da ta tashi babu faifan bayananta tana iya zuba sababbin bayanai inda bai dace ba.

Duk ma'aikatar da ke da irin wannan mutum, ta riƙe shi hannu bibbiyu, ta biya shi haƙƙinsa.