Zikirin da Ake Yankar wa Tikiti

Duk wanda Allah Ya nufa da zuwa birnin Santambul a wannan zamani, tun bai gama sauke kayansa a masauki ba zai tarar an miƙa masa takarda mai ɗauke da hoton waɗansu mutane sanye da fararen riguna masu faɗin gindi da dogayen huluna, suna juyi kamar katantanwa a hannun yaro, a ƙarƙashin hoton kuwa an rubuta sa'ar farawa da kuɗin shiga. Waɗannan su ne darwishan ɗariƙar Maulawiyya, mabiyan Maulana Jalaluddin Rumi wanda ya rasu a Konya a 1273, juyin nan kuma da suke yi zikiri ne, sama'i ake kiransa, wanda a zamanin da zawiyoyi ke raye muridi kan shafe kwana 1001 yana hidima a madafa, da shara da ɗiban ruwa da wanke tukwane, kafin a lissafa shi cikin kamilan darwishai.

Babu abin da ke jikin mai juyin nan da ba ishara ba ce zuwa ga mutuwa, domin doguwar hular tana matsayin dutsen kabari, farar rigar likkafani, baƙar alkyabbar da yake tuɓewa kafin ya shiga fage kuwa ita ce kabarin kansa. In ya buɗe hannuwa sai tafin dama ya dubi sama yana roƙon rahama, na hagu ya dubi ƙasa yana isar da ita ga bayi, yana kewayawa a kan ƙafar hagu ana busa sarewar kara, har a rufe majalisi da karatun Alƙur'ani da addu'a. Abin da ke da irin wannan ma'ana shi ne yau ake kawowa a ɗakunan cin abinci da wuraren biki, baƙi na tauna nama suna ɗaga wayoyi.

Amma wajibi ne a yi adalci, domin ba kwaɗayi ne ya fara kai darwishan nan gaban 'yan kallo ba, larura ce. A 1925 hukumar Mustafa Kamal ta rufe dukan zawiyoyin Turkiyya ta haramta ɗariƙu, aka mai da hubbaren Maulana gidan tarihi, sai cikin shekarun 1950 aka sake yarda a yi sama'i a bainar jama'a a Konya, a watan Disamba lokacin tunawa da wafatinsa, bisa sharaɗin cewa al'ada ce ake nunawa, ba ibada ba. Ta wannan ƙuntatacciyar ƙofa kiɗan da busar da tsarin suka tsira, har hukumar UNESCO ta sanya sama'i cikin manyan kayan gadon ɗan Adam a 2005. Saboda haka ni ba na cikin masu cewa kallon haramun ne, ko a kori baƙo. Sau da yawa ma wanda ya zo kallo yakan koma da tambaya a zuciyarsa, tambaya kuwa ita ce mafarin neman ilmi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wane ne mai mulkin lokaci da wuri, mai zikiri ko mai kallo? Idan aka taƙaita majalisi don kada baƙo ya gaji, aka zubar da karatu aka bar juyi saboda shi ne ke kyau a hoto, to mai kuɗi ya zama shaihin halƙa ko da bai sani ba. A Alƙahira, ƙungiyar masu juyi da ake kira 'yan tannura, wadda ta yi suna da wasa a tsohon masaukin fatake na Sarki Alguri, wanda aka gina a farkon ƙarni na 16, ba ta ɓoye cewa wasan gargajiya take yi, wannan kuwa gaskiya ce abar yabo. Amma a jiragen ruwan da ke yawo da masu cin abincin dare a kan Nilu, da sansanonin hamadar Dubai, mai juyi kan fito da ƙananan fitilun lantarki a jikin rigarsa, kafin mai rawa ko bayanta, a ce wa Bature wai ga sufanci ya gani.

A kwatanta wannan da abin da aka saba yi a hubbaren Shaihu Hamadun Nil a Omdurman kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, inda kowace Juma'a da la'asar 'yan Ƙadiriyya kan taru cikin riguna kore da ja, da ganguna da turaren wuta, su yi halƙa cikin ƙura suna hailala, baƙi kuwa su tsaya a gefe ba tikiti ba kujera, da an kira magariba a watse a yi sahu, ko mai ɗaukar hoto ya gama ko bai gama ba. Da babu baƙo ko ɗaya, haka za a yi, kuma a wannan sa'ar za a yi.

Lamarin bai yi nisa da mu ba, tun da a 2024 an shigar da hawan Sallar Kano cikin rijistar kayan gadon ɗan Adam ta UNESCO, masu sha'anin yawon buɗe ido kuwa ba za su rasa kai ido ga Maukibin Ƙadiriyya da Shaihu Nasiru Kabara ya assasa ba, da tutocinsa da bandirinsa. Shawarata ga masu riƙe da wannan amana ita ce su karɓi kowane baƙo da mutunci, su ba shi inuwa da mai yi masa bayani, amma in aka nemi su kai bandiri ɗakin taron otal da ƙarfe takwas na dare saboda wata tawaga za ta tashi da asuba, su ce wa tawagar ta ɗage tafiyarta zuwa ranar Maukibi.