Jeren Amarya da Kunyar Tsohon Kaya

A yawancin garuruwan ƙasar Hausa, kwana ɗaya ko biyu kafin a kai amarya, gwaggwanninta da innoninta da yayyenta mata sukan ɗunguma zuwa gidan ango su yi jere. Kafinta ya kafa gado, mata su shimfiɗa leda ko kafet, su rataya labule, su shirya kwanuka da tangaran a inda ido zai fara sauka. Bayan biki kuma 'yan ganin ɗaki su yi ta zuwa, kowacce tana gaisuwa idonta yana ƙirga abin da iyayen yarinya suka iya. A yau hukuncin da waɗannan idanu suke yankewa kusan ɗaya ne: ɗakin da ya amsa sunansa shi ne wanda komai nasa sabo ne fil, an saye shi lokaci guda, kuma babu abin da ya taɓa kwana a ɗakin wata. Mutane da yawa sun ɗauka haka muka gada. Ni kuwa ina ganin ba haka ba ne. Wanda ya bi tarihin jere zai tarar cewa kayan aikin hannu, da waɗanda uwa ta cire daga nata ɗakin, da waɗanda aka saya wurin dillaliya, su ne ginshiƙinsa tun asali. Kunyar tsohon kaya ita ce baƙuwa a cikin al'adar, kuma ita ce take jefa iyaye cikin bashi, ta bar 'ya'yansu mata da ɗakin da ba ya fitar da su kunya ranar buƙata.

Ɗakin amarya na zamanin da Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarinsa a ƙasar Zazzau, a littafin da aka buga a 1954, aikin hannu ne tun daga ƙasa. Mata ne suke taruwa su yi daɓe. A zuba burji, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa har ƙasa ta kwanta lif, sannan a bi ta da ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ta yi duhu da sheƙi, ta daina tayar da ƙura. A shafe bango da farar ƙasa. Sai a shigo da ƙorai, waɗanda aka zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi, a ɗora ƙarama a kan babba, wasu a rataye su a ragaya. Ga faya-fayan da aka saƙa da kaba mai rini, ga baƙin akushi, ga adudu na ajiyar tufafi, ga tabarma, kuma a gidan masu hali ga tasoshi irin waɗanda maƙeran Bida suka shahara da su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake ado zalla. Kowanne yana da aikinsa a tsakar gida, yana kuma da kuɗinsa a kasuwa. Ƙwarya ma idan ta tsage ba a jefar da ita, ana jiran gyartai ya zo ya ɗinke ta ta koma bakin aiki. Al'ummar da ta ware sana'a guda don ɗinke fasasshiyar ƙwarya ba za a ce tana ƙyamar abin da aka taɓa amfani da shi ba.

Da kwanuka masu fenti suka shigo a zamanin Turawa, da farko daga Turai, daga baya daga Hong Kong, sai suka ture ƙorai daga gaban ɗaki. Daga wajejen 1960 'yan kasuwar Sin suka kafa masana'antun kwano a Legas da Kano, kwano ya wadata, aka shiga zamanin langa da kumbo da samira da fanteka, sannan kabet mai gilashi da ake cikawa maƙil. Kayan sun sauya, amma aikin da suke yi wa mace bai sauya ba, kuma a nan ne maganar take. Uwa takan fara tari tun yarinya ba ta san kanta ba. Ta ɗauki adashi ta sayi saiti ɗaya ta tura ƙarƙashin gado, ta yi ribar ƙuli-ƙuli ta ƙara wani, ƙawayenta na biki su kawo gudummawa ranar da abin ya tashi, ita kuma ta raba kabet ɗinta biyu ta ba 'yarta rabi. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda kayan ɗaki suke zama dukiyar mace da ma'aunin yawan mutanenta. Kayan nata ne, miji ba shi da iko da su, idan aure ya mutu da su take fita. Kwano ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, kuma kowace dillaliya a unguwa ta san kuɗinsa. Matar da take cikin kulle, idan ɗanta ya kwanta ciwo maigida ba ya gari, ko tana neman jarin fara sana'a, sai ta zare saiti ɗaya ta aika wa dillaliya, kafin la'asar kuɗi sun shigo hannunta. Kabet ɗin nan asusu ne da aka jera a bango. Saitin da ta sayar kuwa ba ɓacewa yake yi ba, wata uwar ce take saye ta ajiye wa tata 'yar. Ke nan da babu kasuwar kayan hannu na biyu, da jeren bai zama dukiya ba tun farko.

Abin da ya maye gurbin wannan shi ne saitin gado da wadirob da madubi da kujeru, waɗanda su ne suke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin kayan ɗaki a yau. Masu ƙarfi suna sayen na Turkiyya ko na Sin, sauran jama'a kuma kafintan unguwa yana kwaikwaya musu da katakon garin zarto da aka matse da gam, wanda ake kira MDF. Ranar jere yana ɗaukar ido ƙwarai. Amma da zarar ruwan wankin ɗaki ko laimar damina ta taɓa ƙafarsa sai ya kumbura, fatar da aka manna masa ta fara ɓarewa daga gefe. Idan aka kwance shi sau ɗaya don ƙaura, ramukan kusoshi sun buɗe ke nan, ƙofar wadirob ta koma rataye a karkace, alhali yawancin sababbin ma'aurata a birni gidan haya suke zaune, ƙaura kuwa ba ta ƙare musu. Wadda ta nemi sayar da shi bayan 'yan shekaru za ta ji tayin da zai sa ta gwammace ta bar shi. Wata illar da ba a cika lura da ita ba ita ce ba a iya tara shi. Yayinsa yana wucewa da sauri, girmansa ba ya ɓoyuwa a ƙarƙashin gado, don haka uwa ba ta da damar sayensa sannu a hankali cikin shekaru goma. Dole a saye shi gaba ɗaya ana gab da biki, a farashin wannan rana, a ƙasar da darajar kuɗinta take zubewa tun 1986, ta sake zubewa sosai a 2023. Daga nan ake samun uban da ya sayar da fili, da wanda ya ci bashi, da bikin da ake ta ɗagawa. Ba banza ba gwamnatin Kano, lokacin da ta fara auren zawarawa ta hannun Hisbah a 2012, ta haɗa da gado da katifa a cikin abin da take bayarwa: ta san a nan aure yake maƙalewa.

Wani zai ce zamani riga ne, kuma kwanon da nake yabo shi ma baƙo ne da ya kori ƙwarya, a lokacinsa ma an yi kukan cewa mata sun bar na gida sun kama na waje. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ban gina hujjata a kan na gida da na waje ba. Babu mai cewa amaryar yau ta koma gadon kara. Tambayar da ta dace a yi wa kowane kaya ita ce ko yana daɗewa, ko ana gyara shi, ko ana iya mayar da shi kuɗi. Langa ta amsa waɗannan duka ko da yake daga ƙetare ta zo. Gadon ƙarfe mai rumfa ya amsa, shi ya sa har yau ana ganin sa a ɗakunan tsofaffi yana tsaye daram. Tsohon gadon maɗaci da aka goge aka sake masa fenti ya amsa. Keken ɗinki da firji ma sun amsa, har sun fi, domin suna kawo kuɗi. Sabon saitin garin katako ne ya kasa, kuma shi ne aka fi kashe wa kuɗi.

Akwai suka ta biyu da ta fi wannan nauyi, wato cewa tsohon tsarin ma ba tsarkakakke ba ne. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a Kano a shekarun 1970 ya nuna yadda tallar 'yan mata take da alaƙa da tara kayan ɗaki, kuma kowa ya san yaran da tire ya hana zuwa makaranta. Gasa ma tana nan tun da, an ga kabet cike da kwanukan da ba a taɓa zuba musu tuwo ba. Ba zan kare talla ba, asarar karatun yarinya ta fi ƙarfin kowane kabet. Sai dai sabon tsarin bai kashe talla ba, bai kuma rage gasa ba. Ya ɗaga kuɗin shiga gasar ne kawai, ya cire abin da yake dawowa hannun mace a ƙarshe. Da can wahalar uwa da 'yarta tana zama dukiyar 'yar. Yanzu wahalar tana nan, har da ƙarin ta uba, amma abin da aka saya yana narkewa tun kafin a yaye ɗan fari.

Sai maganar mutunci, wadda ita ce ainihin abin da yake hana iyaye sakewa. Uwa tana tsoron gori daga dangin miji, tana tsoron kishiya ta ce an kawo yarinya da kwashe-kwashe. Wannan tsoro na gaske ne, domin yarinyar ce za ta zauna da maganar, ba mai ba da shawara ba. Akwai kuma batun tsabta: tsohuwar katifa da kujerar soso suna iya zuwa da kuɗin cizo, kuma babu laifi a ce waɗannan a saye su sababbi. Amma gadon katako, da tukwane, da tangaran, da tasoshi, wanki da guga da fenti sun ishe su. Gorin kuma ba daga addini ya samo tushe ba. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, matsuguni a wuyan miji yake, abin da aka tattauna game da mace shi ne ta yi kayan ɗaki gwargwadon sadakin da ta karɓa. Ɗora wa uba ɗaki guda cur, da sharaɗin komai ya fito daga leda, al'ada ce ta mutane, kuma mutanen da suke tsaron ta su ne dai matan da suke zuwa ganin ɗaki, waɗanda gobe su ma za su aurar.

Ya kamata a rarrabe tsakanin abubuwa biyu da ake haɗawa a baki ɗaya. Akwai gwanjon da ake shigowa da shi dila-dila daga ƙetare, irin wanda ake kasawa a Ƙofar Wambai a Kano ko Katako a Jos, labule da zanen gado da kafet. Masu cewa irin wannan, tare da yadin da ake fasa-ƙwaurinsa, ya taimaka wajen durƙusar da masaƙun Kaduna da Kano suna da hujja, ko da yake rashin wutar lantarki ma ya yi nasa. Amma kayan da suke zagayawa tsakanin gidajenmu wani abu ne daban, domin su suke ciyar da masu sana'a. Tsohon gado yana ba kafinta da mai fenti aiki, tsohuwar kujera tana ba mai sauya yadi aiki. A kasuwar Panteka ta Kaduna da Katako ta Yamai, ana narka tarkacen alminiyom a zuba a ƙirar yashi ya fito tukunya mai kauri da za ta yi shekaru a kan murhu, ana yanka tsohon ƙarfe a fitar da kurfoti da akwati. Kuɗin da aka kashe a can a unguwa yake tsayawa.

Gaskiya ne kuma cewa kayan aikin hannu ba kullum suke da araha ba. Faifai mai kyau yana cin kwanakin mai saƙa, roba kuwa ana fitar da dubunta a wuni, kuma tabarmar leda ta fi ta kaba sauƙin kuɗi da jure ruwa. Wanda yake neman abin shanya tsaki ba za a ga laifinsa ba idan ya ɗauki roba. Amma idan ana maganar ado, gwajin ba da roba ake yi ba, da furen leda ne da hotunan bango da ƙyale-ƙyalen da ake shigowa da su, waɗanda rana ɗaya ta bazara take kashe musu launi, kuma kuɗinsu ba ya kasa na faya-fayai uku masu rini, ko tun-tun na fata daga hannun dukawa, ko shuɗin zane daga marinar Ƙofar Mata. Waɗannan abubuwa suna nan a kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, sai dai masu sayen su yanzu galibi baƙi ne da masu ƙawata otal da ofis. Wannan yana taɓa ingancin aikin kansa. Mai saƙar da take yi wa maƙwabciyarta faifai ta san za a rufe fura da shi kullum, za a kuma dawo mata idan ya warware, don haka take matse saƙa. Wadda take yi wa baƙon da zai rataye shi a bango ya tafi ba ta da wannan dalili, kuma 'yar da take zaune kusa da ita sakakkiyar saƙar take koya.